Kujera ta Goma Sha Huɗu

Sa'ida ce ta gina manhajar sayar da tikiti a wani kamfanin motoci da ke unguwar New Bell, masu zuwa garin Bamenda. Saboda intanet na yawan yankewa a shekarun rikicin 'yan bindiga a yankin, sai ta tsara cewa duk sunan da aka ɗauko daga rumbun bayanai, a naɗe kwafinsa a ajiye a wata ƙaramar ma'ajiya ta gefe, ya yi mako guda kafin ya goge kansa.

Ranar Juma'a da hantsi Hapsatu, mai sayar da atamfa a kasuwar Marché Congo, ta shigo ofis. Mijinta Zaidu ya hau motar Talata, har yau bai isa ba, wayarsa a kashe.

Manaja Jibirin ya duba allo ya girgiza kai. "Hajiya, babu sunansa. Ko dai wani kamfani ya bi?"

"Ni na raka shi har bakin mota," in ji ta.

Bayan ta fita, Sa'ida ta buɗe jerin fasinjojin motar Talata. Mota ta tashi a cike, amma kujera ta goma sha huɗu babu kowa. Ta leƙa ma'ajiyar gefe, ta warware kwafin. Ga Zaidu nan, da lambar wayarsa. Wani ya goge shi daga rumbun ran Laraba, kuma mutum biyu ne kawai ke da ikon gogewa, ita da Jibirin. Ita ta san ba ita ba ce.

Da azahar Jibirin ya tsaya a kanta. "Wannan ma'ajiyar taki, ki share ta. Tana sa na'ura nauyi."

Shekara biyu bai taɓa tambayar ta a kanta ba.

"Kawu, wa ya ce maka tana nan?"

Ya kalli ƙofa, ya rage murya. "Masu bindiga ne suka sauke Zaidu a hanya. An kira ni, aka ce in goge sunansa. Ina da iyali, ma fille, 'yata."

"Wa ya kira?"

"Ki dai share ta," in ji shi.

Ta ce to. Kafin ta share, ta buga kwafin a takarda, ta kai wa Hapsatu a rumfarta cikin ƙullin yadi. Da wannan takardar wani lauya ya bi sawu, bayan kwana goma sha ɗaya aka sako Zaidu, ya rame, ba ya son magana.

Jibirin bai taɓa tayar da zancen ba. Amma tun daga lokacin, in wayarsa ta yi ƙara, waje yake fita.