Ƙafar Mista Odell a Kan Birki

"Danna," na ce daga gefen tayar.

"Na danna."

"Riƙe."

"Na riƙe, 'yar nan. Ke dai kwance notin a hankali, da wannan hannun naki kamar na ɗan dambe."

Mista Odell Whitlock maƙwabcina ne a birnin Toledo, shingen waya kawai ya raba gidajenmu. Tun da ya bar aiki a masana'antar gilashi, babu motar da ke layinmu da bai taɓa cikinta ba. Amma gwiwoyinsa sun daina yarda ya durƙusa, don haka shi ke faɗa, mai mota ke yi.

Tsohuwar motata ce ta fara jan gefen dama, tana nauyi kamar an ɗaure mata wani abu. Ranar Juma'a na dawo daga makarantar da nake girki, sai ya leƙo daga barandarsa yana toshe hanci.

"Charlayne, kifi kike soyawa a tayar nan?"

Ya kai hannu kusa da tayar gaba, ya janye da sauri. "Birkinki ne ba ya saki. Gobe ki sa tsofaffin kaya."

Da safe muka ɗaga motar a jak. Na juya tayar da hannu biyu, ta ƙi motsi. Ya sa na cire ta, na sassauta wani ɗan ƙaramin noti a bayan birkin. Mai ya yi tsartuwa, nan take faifan birkin ya juya.

"Kin gani? Tiyon man birkin ne ya ruɓe ta ciki. Mai yana zuwa, ba ya komawa."

Na sayo sabon tiyo, na ɗaura. Saura cire iskar da ta shiga cikin man birkin. Shi ya zauna a mazaunin direba yana taka birki, ni ina ƙasa da sifana.

Na ɗaure notin. "Saki."

Shiru.

"Saki, Mista Odell."

Na ɗauka tsokana ce, don ya saba yin kamar kurma in matarsa, Mis Vernice, ta kira shi. "In ba ka saki ba zan gaya wa Mis Vernice ka ci naman aladen da ta hana ka jiya," na ce ina dariya. Na miƙe ina karkaɗe gwiwa.

Yana zaune yadda na bar shi, hularsa a kai, hannu ɗaya a kan sitiyari. Idonsa a buɗe. Ƙafarsa tana kan birki, jajayen fitilun baya suna haska ƙofar gareji.

Na taɓa kafaɗarsa. Kansa ya faɗo gefe.

Ban san na yi ihu ba sai da Lamont na tsallaken titi ya yar da injin yankan ciyawarsa ya rugo. Na kira motar asibiti, wayar tana zame mini saboda man da ke hannuna. Matar da ta ɗauka ta ce mu kwantar da shi a ƙasa. Muka jawo shi ni da Lamont, na durƙusa ina danna ƙirjinsa yadda take faɗa mini.

"Yanzun nan fa yake mini tsiya," nake ta cewa. "Yanzun nan."

Mis Vernice ta fito da garin fulawa a hannayenta. Ta tsaya a bakin shinge.

"Odell. Tashi daga ƙasan nan, siminti da sanyi." Ta dube ni. "Charlayne, me kike masa?"

Na ci gaba da danna ƙirjinsa. Lamont ne ya je ya riƙe ta.

Masu motar asibiti suka karɓe ni, suka yanka rigarsa, suka yi ta fama. Layin duka ya fito. Daga baya babbansu ya miƙe ya nufi Mis Vernice yana cire safar hannu. Ta girgiza kai tun kafin ya buɗe baki.

"A'a. Ya ci ƙwai da safe. Har ya nemi ƙari."

Zuciya ce, in ji likita.

Sai da yamma, bayan 'yan cocinsu sun cika gidan da kwanukan abinci, na tuna ƙofar motata a buɗe take. Na je rufewa, sai ga takalminsa ɗaya a ƙarƙashin birkin. Ashe ya zame daga ƙafarsa lokacin da muka jawo shi, babu wanda ya lura.

Na kai wa Mis Vernice. Ta karɓa da hannu biyu, ta daɗe tana kallonsa. Ta kwance igiyar, ta buɗe bakinsa yadda ƙafa za ta shiga da sauƙi, sannan ta sunkuya ta ajiye shi a kan tabarmar bakin ƙofa.