Jujin Baba Bakoji

Yaushe ne abu yake zama shara? Lokacin da ya bar hannun mai shi ya faɗi ƙasa, ko kuwa sai ran da aka rasa mai sunkuyawa ya ɗauke shi? Na daɗe ina juya wannan tambaya ban gano kanta ba. Salmanu kuwa, a shekarar da ya zo Birnin Gwari hutu da na'urar ɗaukar majigi rataye a wuya, bai ga abin tambaya a ciki ba. A wurinsa shara shara ce, maganinta wuta.

Shekara biyu ke nan da gama yaƙin basasa. Su uku ne 'yan ƙasar Birnin Gwari a ajin ƙarshe na wata babbar kwalejin horon malamai a Zariya: shi Salmanu, ɗan wani akawu, haifaffen unguwar Magajin Gari amma tashin Kaduna, da Naomi, 'yar manomi daga wajen Randagi, sai Andrawus, wanda ba a raba shi da rake. Malaminsu ya ara musu na'urar, irin wadda ake wanawa kamar agogo, ya ba su naɗin fim uku, kowane minti uku da 'yan kai. Ya ce su je su ɗauko majigi a kan tsabtar garinsu, a nuna a kwaleji, in ya yi kyau a nuna a ƙauyuka. Na'urar ba ta ɗaukar murya, don haka aka bar wa Andrawus aikin bayani ran nunawa.

Naɗi biyu sun tafi a kasuwa, kuma ba su tafi yadda Salmanu ya so ba. Duk wanda ya ga na'urar sai ya ƙame, ya miƙe hannaye a gefe kamar ɗan sanda. Mai ƙosai ta ce a dakata mata ta je gida ta sauya zane. Wani mahauci ya share gaban rumfarsa fes kafin ya yarda a dube shi. Duk da haka sun sami ɓawon gyaɗa, da ganyen da aka ci dafa-duka aka yar, da ƙwallon mangwaro da ƙudaje suka yi wa rumfa.

"Ga tuƙar rake nan kuma, ɗauki," in ji Andrawus, yana nuna ƙasa.

"Taka ce, malam," in ji Naomi. "Yanzu na ga ka tofar."

"To ai taimakon aikin nake yi."

A bayan rumfunan mahauta Salmanu ya ga abin da yake nema: juji guda, ya fi tsayin mutum, baƙi ƙirin daga ƙasa, kaji na tono a kansa. Nan take ya ga ƙarshen majiginsa. Wuta za ta kama jujin, hayaƙi ya tashi, Andrawus ya ce da babbar murya, ga yadda gari ke rabuwa da ƙazanta. Bai shawarci kowa ba ya nufi wurin Malam Jumare, duba-gari. Malam Jumare ya saurara, ya gyara hula, ya tambaya ko fuskar mai kunna wutar za ta fito sosai. Da aka ce za ta fito, ya ce ran Alhamis da hantsi, shi da kansa zai zo da galan biyu na kananzir.

Sai ran Talata da yamma Salmanu ya ba abokansa labari, yana ta murmushi.

Naomi ta dube shi. "Ka tambayi mai shi?"

"Mai me?"

"Mai jujin."

Salmanu ya yi dariya har da riƙe ciki. Juji da mai shi! Naomi ba ta yi dariya ba. Ta ce gobe da safe su haɗu a bayan mahauta, zai gani da idonsa.

Sun tarar da wani dattijo siriri a gindin jujin, yana tona shi da sanda a hankali, jakinsa na tsaye da mangala. Naomi ta durƙusa ta gaishe shi da Gwaranci, suka ɗan jima suna magana, sannan ya juyo da Hausa saboda baƙi. Sunansa Bakoji. Shekara goma sha ɗaya ke nan, kashegarin kowace kasuwa, shi ke share wannan ɓangaren, ba wanda ke biyansa ko kwabo. Ladansa jujin. Sarkin kasuwa ya bar masa tun tuni, kowa ya sani. Ya tara rani guda, ya bar shi ya ruɓe, in damina ta matso ya kwashe zuwa gonarsa a bakin daji. Da jaki ɗaya, mako uku yake yi.

"Baba, gobe za a ƙona shi," in ji Naomi.

Dattijon ya dubi jujin, ya dubi sama, inda gajimare ya fara taruwa ta gabas. "Wa na yi wa laifi?"

Andrawus ya daina tauna.

Naomi ta ja Salmanu zuwa wurin Malam Jumare. Suka same shi a ƙofar gida yana goge kakinsa da dutsen guga na gawayi. Ya ce shi kam ya riga ya rubuta, ya kuma sa an yi shela, ba zai mayar da maganarsa ba a ce duba-gari na wasa. Ya hura gawayin. "Amma ni juji na ce zan ƙona. In na zo gobe ban tarar da juji ba, sai in koma da kananzir ɗina."

A hanya Naomi ta fara lissafin jakuna: na masu itace biyu, na kawunta ɗaya, wataƙila masu gishiri su ara biyu. In aka sami hannu, kafin faɗuwar rana an kwashe.

"To ni kuma wutar tawa fa?" in ji Salmanu. "Naɗi ɗaya ya rage. Me zan nuna a ƙarshe? Fili?"

"Ka nuna fili mai tsabta mana. Ba abin da aka aiko mu ba ke nan? Zo ka kama mana kwando."

Ya dubi farar rigarsa ta kwaleji. "Ni hoto na zo ɗauka, ba shara ba."

"Allah ya ba ka haƙuri, ranka ya daɗe," in ji ta, ta wuce.

Kafin azahar jakuna shida sun jeru. Andrawus ya naɗe ƙafar wando yana cika mangala da shebur, yana yi wa jakunan huɗuba a kan tsabta. Matan dangin Naomi uku suka zo, kowace ta ɗora kwando a kafaɗa yadda suka saba ɗaukar kaya. Salmanu na zaune a kan benci a inuwar rumfa, na'ura a cinya, yana kallon ƙarshen majiginsa na raguwa kwando bayan kwando.

Ba mugu ba ne, kuma abin ya dame shi. Sai ya yi irin lissafin da mutum ke yi in yana son abu biyu da ba sa haɗuwa: a raba. A kwashe rabi, a bar masa rabi. Rabin juji ma zai ba da hayaƙi, dattijo kuma bai tashi a tutar babu ba. Ya ga adalci ne ƙwarai. Da Bakoji ya kora jakuna zuwa gona, sai ya bi shi don ya faɗa masa a inda Naomi ba ta ji.

Tafiyar ta fi yadda ya zata. Suka bar gidaje, suka bi turba tsakanin ɗorawa da kaɗanya, har dajin ya tsaya a gabansu, duhun itatuwa da kukan tsuntsayen da Salmanu bai san sunansu ba. Gonar na nan a gefe. Bakoji ya zazzage mangala ƙananan tsibi-tsibi, tazara daidai, ba ya aunawa. Salmanu ya yi gyaran murya ya kawo maganar rabi.

Dattijon bai ce a'a ba. Ya yafito shi zuwa ƙarshen gonar, inda kututturan karan dawar bara ke tsaye. Ya kama ɗaya, kaurinsa ya kai na raken Andrawus. Ya yi taku huɗu ya kama wani, siriri kamar tsinken tsire.

"Nan takin ya ƙare mini bara," ya ce. "Rabin da kake so, ɗana, daga wane gefen zan cire? Ka zaɓa, ni ba zan iya ba."

Salmanu ya dubi karan biyu. Bai zaɓa ba.

"Af, na tuna." Bakoji ya sa hannu a aljihun rigarsa 'yar shara. "Ina tsince juji kafin in kwasa. Gwangwani na mai yin fitilar aci-bal-bal ne. Tsumma na masu jima. Ƙashi, karnuka sun san aikinsu. Sauran ƙasa ta ci. Amma wannan ya gagare ni." Ya fito da wasu abubuwa biyu masu ƙyalli, a cukuikuye, ba takarda ba, ba ƙarfe ba. "Na miƙa wa akuya, ta shinshina ta wuce. Na kai wa mai fitila, ya ce ba ya kama dalma. Na jiƙa shi kwana biyu, ko laushi bai yi ba. In na zuba shi a gona jikokina za su tarar da shi. An ce ku aka gani da irinsa, shi ya sa na adana muku. Ko yana da amfani a Zariya?"

Salmanu ya gane su tun kafin su iso hannunsa. Marufin naɗin fim ne. Shi da kansa ya yage su da haƙori a tsakiyar kasuwa, ya wurgar ta bayan kafaɗa, idonsa na kan sharar mutane.

"Ba shi da amfani, Baba," ya ce. "A Zariya ma ba shi da shi."

"To," in ji dattijon, cikin tausayi, kamar wanda aka gaya wa ɗan wani ba ya jin magana. "Sai ka san yadda za ka yi da shi."

Salmanu ya ninke su ya sa a aljihu. Duk hanyar komawa yana jin su suna ƙara a jikin cinyarsa.

Sun iso bayan la'asar. Jujin ya ragu, amma abin da ya saura ya kai ƙirjin mutum, ga masu gishiri sun ce da magariba za su karɓi jakunansu. Andrawus ya yi baƙi har gira. Ɗaya daga cikin matan ta tafi dafa tuwo, kwandonta na kife a ƙasa.

"Sannu da zuwa, mai gida," in ji Andrawus. "An gama duba gona? Ga bencinka nan mun share maka."

Salmanu ya cire na'urar daga wuya, ya buɗe naɗin ƙarshe, ya sa marufin a aljihu tare da 'yan'uwansa. Ya sa naɗin a na'urar, ya wana ta har ta tsaya, ya miƙa wa Naomi.

"Minti uku ne kawai," ya ce. "Ki fara da jujin, ki bi jakuna. Kada ki girgiza hannu."

"Wutar fa?"

"Babu wuta. In Malam Jumare ya zo gobe da kakinsa yana neman hoto, Andrawus ya zana shi a takarda."

Ya tuɓe farar rigar, ya rataye a ƙusar rumfar mahauci. Ya ɗauki kwandon da ke kife, ya miƙa wa Andrawus ya cika, ya yunƙura ya kai shi kafaɗa yadda ya ga matan na yi. Kwandon ya karkace, baƙin taki ya zubo masa ta wuya har cikin singileti. Matan suka fashe da dariya, ɗaya ta ce wani abu da Gwaranci da ya sa Bakoji ma ya dara.

"Me ta ce?" in ji Salmanu.

"Ta ce ka sa a ka, kafaɗa sai an koya," in ji Naomi, ido ɗaya a rufe, na'urar na kirr a hannunta.

Ya ɗora a ka, ya bi bayan jakuna.