Taya ta Uku

Sukundireba ɗaya, gwangwanin giris, da rahoto mai shafi arba'in da ba a sa wa hannu ba. Iyakar abin da Injiniya ta ɗauko ke nan. Mota na ta tsalle a hanyar dutse, ita kuwa sai duba agogo take, alhali ba mai jiranta.

Shekaranjiya aka rufe maƙwabcinta, Baba Kunne. Shekara talatin ya yi yana shafa giris a babban farantin da ke kamo siginar rediyo daga taurari. Da ta dawo daga karatu a waje, ita aka ɗora wa rubuta wa kwamiti rahoto: a gyara farantin ko a kwance shi. Na'ura ta nuna babban giyansa, ƙarfe mai haƙoran da ke juya shi, ya cinye, ba shi da gyara. Don haka rahoton ya ce a kwance shi, sa hannunta kawai ya rage.

Ran Talata ta leƙa Baba. Yana kwance sai juyi yake, iska na kaɗa labule.

"Iska ta taso," ya ce. "Sun ɗaga wa farantin fuska sama?"

"Baba, wata shida ke nan ko motsa shi ba a yi. Giyan ya lalace."

"In ji wa?"

"Na'ura ce ta auna."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "An tura ki koyon sauraron taurari, ga ƙarfe a gabanki kin kasa jin sa."

Matarsa ta ajiye kofi ta ce, "Rabu da shi, 'yar nan. Da ya saurare ni rabin yadda yake sauraron ƙarfen nan, da tuni na yi ƙiba."

Ya laluba ƙarƙashin filo ya zaro sukundireba. "Farantin a kan tayoyi huɗu yake juyawa. Kafa bakin wannan a jikin ta uku, ki ɗora kunne a ƙotar. In kin ji kamar ana tauna yashi, taya ce. Giyan lafiyarsa ƙalau."

"Litinin kwamiti zai zauna, Baba."

"To zaman me kike yi a nan?"

Ta karɓa don kada ya ji ba daɗi, ta jefa a jaka. Ba ta je ba. Ran Alhamis ya cika.

Yanzu ga farantin a gabanta, fari, ya rufe rabin sama. Ma'aikaci ɗaya da ya rage ya kunna injin yana ƙunƙuni, ƙarfen ya fara juyawa a hankali. Ta saurari giya: sumul. Ta durƙusa a taya ta uku, ta ɗora kunne.

Yashi.

Ta daɗe a durƙushe. Sannan ta shiga ofis, ta ɗora sukundireban a kan rahoton, giris ya ɓata shafin farko. Ta tura ƙofa ta rufe, ta kira shugaban kwamiti.

"Ranka ya daɗe, ba zan sa hannu ba. Taya za mu canza."