Kwandaloli Masu Giɓi

Tun da Goggo ta kafa teburinta a ƙofar gida tana sayar da sabulu da ashana da kyandir, ba wanda ya taɓa ƙin karɓar kuɗinta sai ranar nan. Ta je sari wurin Mai Shago, ta zazzage gwangwaninta a gabansa. Ya ɗauki kwandala ɗaya ya juya, ya ɗauki wata. Kowacce da ɗan giɓi a gefenta, kamar an gatsa.

"Goggo, ɓeraye kike kiwo a gwangwanin nan?" in ji shi. "Ni ba na karɓar kuɗi mai giɓi. Wa ya sani ma ko na ƙwarai ne?"

Shagon cike yake da mutane, aka kuwa kwashe da dariya. Goggo ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi.

"Kai da na sani tun majina na zuba maka a baki, yau ni za ka kira mai kuɗin jabu? To na rantse, duk wanda ya yi min wannan aika-aika sai na kamo hannunsa na ja shi daga farkon layin nan har ƙarshensa, kowa ya gani. Kai kuma ka tanadi bakin ba da haƙuri."

Ta tattara kuɗinta ta koma gida tana huci. Mijinta na zaune a bencinsa gefen tebur. Tsohon mai gyaran keken ɗinki ne, duk layin Bahago suke ce masa, kuma tun da ya ajiye aiki shi ke tsare mata teburin in ta fita. Ta zayyane masa komai. Ya yi tari, ya sosa ƙeya.

"A bar maganar mana, Goggon yara."

"A bar ta? Malam, sunana aka ɓata a bainar jama'a. Ruwa ba ya tsami banza."

Zarginta ya faɗa kan Mai Makulli da ke tsallaken titi, wanda injinsa ke gurzar ƙarfe wuni guda, kuma kullum a wurinta yake sayen ashana. Da safe ta dira a rumfarsa, ta dangwarar masa da gwangwanin.

"Ka rasa abin gwada injinka sai kuɗina?"

"Haba Goggo, ko gaisuwa babu?" Ya ɗauki kwandala ya kai ta haske. "Injina ba ya irin wannan yanka. Wannan magagari ne, ɗan siriri, da hannu aka goga. Duba kuma, manyan kawai aka taɓa, ƙananan lafiyarsu lau. Ga yadda yankan ya karkata. Mai hannun hagu ne ya yi shi."

"Masu hannun hagu nawa ne a layin nan?"

Mai Makulli ya sunkuyar da kai, ya shiga share injin da babu ƙura a kansa.

Mai hannun hagu ɗaya Goggo ta sani, kuma tun kafin a haifi Mai Makulli take dafa masa abinci.

Ta koma ta ajiye gwangwanin a kan tebur, ta ce wa mijinta za ta leƙa ƙanwarta. Ta zaga ta bayan gida ta laɓe jikin katanga. Ba a jima ba wata mata ta zo sayen kyandir, ta miƙa kuɗi. Tsohon bai ko kalle su ba. Ya zura hannu a gwangwani, yana shafa gefen kowace kwandala da babban yatsa har ya zaɓo canji. Da matar ta tafi, ya daɗe yana jujjuya abin da ta ba shi a tafin hannu, sannan ya zaro ɗan magagarinsa daga aljihu ya goga a hankali. Ya miƙa hannu zai jefa a gwangwani, hannun ya sauka kan sabulu. Ya laluba, ya laluba, kafin ya same shi.

Goggo ta fito ta tsaya a gabansa, rana tsaka, ba ta yi magana ba. Ya ɗago kai ya dube ta da fara'a.

"Me za a ba ki, baiwar Allah?"

Duk masifar da ta tanado ta bi iska.

"Mijina za a ba ni," ta ce, "wanda na sani da idanu biyu. Tun yaushe, Malam?"

Ya mayar da magagarin aljihu.

"An kwana biyu. Kamar hayaƙi nake gani. Babba da ƙarama duk ɗaya suke zame min, shi ne na ce bari in yi musu shaida. Na ji tsoro ne ki kore ni daga teburin nan. In kin kore ni, me ya rage min in yi?"

"Tsohon banza! Ni da nake ba ka labarin ko ƙaiƙayin ƙafata, kai ido guda biyu ka ɓoye min?" Ta goge fuska da bakin mayafi. "Tashi. Miƙo hannun nan, na hagun, mai laifin."

Ta ɗauki gwangwanin da ɗaya hannun, ta ja shi suka hau layi. Masu rumfuna suka leƙo. A ƙofar Mai Shago ta ja birki.

"Ga ɓerana, na kamo shi. Ido ne ya gaza masa, yake wa kuɗi shaida don kada a cuce ni. Yanzu maimaita abin da ka faɗa jiya."

Mai Shago ya fito har waje ya rusuna. "Tuba nake, Goggo. Baba, Allah ya ba da lafiya. Kawo su duka, na karɓa."

"Ka ware min sabulu ka ajiye. Asibitin ido za mu."

Suka ci gaba. Da suka kai ƙarshen layin, tsohon ya ce, "To, rantsuwa ta cika. Sake ni haka, mutane na kallo."

"Su kalla," in ji Goggo, ta ƙara damƙe hannun. "Ɗaga ƙafa, akwai kwata a gabanka."