Haƙorin Makka na Hajiya Kaltumi

Duk wanda ya san Hajiya Kaltumi mai ƙosai a Tawa ya san haƙorinta na Makka, domin ita ba ta dariya da rabin baki. Sai ga wani miki ya fito mata a gefen harshe, dab da haƙorin. Ta sha jiƙo, ta kurkure da kanwa, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Ƙanenta Yunusu, ɗan kabu-kabu, ya ɗauke ta a bayan babur ya kai ta asibiti. Aka tura kanta cikin na'urar hoto mai kama da bakin randa. Da hoton ya fito, likita ya ɗaga shi ya nuna musu wani farin tauraro da ya baje cikin bakin.

"Hajiya, ƙarfen haƙorinki ne ya watsa wannan hasken, ya rufe wurin da nake son gani. Ina tsoron sankara ce. A cire haƙorin a sake hoto cikin makon nan. In da wuri ne, a Yamai za a ƙona ta da na'ura, ki warke."

Da suka koma gida matan unguwa suka taru, hoto ya yi ta yawo hannu zuwa hannu. Maƙwabciyarta Hasiya, wadda ba a taɓa tambayarta abu ta ce ba ta sani ba, ta ɗaga shi sama.

"Ku diba! Wanga ai hasken Makka na. Wane ciwo ka zama inda haske shike?"

Aka yi kabbara. Hajiya ta sa hoton ƙarƙashin katifa, ta koma bakin kaskonta. Yunusu ya yi magana har ya gaji, amma ƙane ba ya jan yayarsa da igiya.

Wata bakwai aka yi haka. Ƙosai ya daina shiga, sai kunu, daga baya kunun ma da hawaye. Wani ƙullutu ya taso mata ƙarƙashin muƙamuƙi. Sai a lokacin ta yarda Yunusu ya mayar da ita asibiti, aka cire haƙorin.

Hoto na biyu ya fito fes, babu abin da ya ɓoye. Likita ya daɗe yana kallonsa. Ya ce sankarar ta sauka wuya, ƙonawa kaɗai ba za ta isa ba yanzu, sai an yanke rabin harshen, kuma ba zai yi mata alkawarin komai ba.

Yunusu ya tuƙo ta gida idonsa jajir. Yana jingine babur ya nufi ƙofar Hasiya, yana rantsuwa yau sai ta ji abin da bakinta ya jawo. Hajiya ta riƙo rigarsa. Magana ta zame mata aiki, kowace kalma sai ta biya da zafi.

"Bar ta, Yunusu."

"In bar ta, Yaya? Ita ta kashe ki da zancen banza!"

"Ba ita ba ce. Ran nan na ji likita sarai, ban mance ko ɗaya ba. Tsoro ni ka ji. Ina neman wanda za ya ce mini in zamna gida, ita kau ta ce."

Yunusu ya juyo daga ƙofar Hasiya. Ya zauna a dakalin ƙofar gida, ya rufe fuskarsa da hula.