Ya Ce Ba Zai Fito Ba

Ranar Asabar mai walda ba ya kunna injinsa. Duk layin masu gyara sun san da haka, har bakaniken da ke maƙwabtaka da rumfarsa ya gaji da tsiya ya bari. Da hantsi zai dirje hannuwansa iyakar abin da zai dirzu, ya sa rigar zuwa coci, ya ɗauki leda mai sabulu da burodi, ya hau mota zuwa gidan yari. Ƙaninsa ne a ciki, autan ɗakinsu, wanda har ya yi gemu ba a daina ce masa Auta ba.

Ba sata ce ta kai Auta can ba, da ma sata ce da an huta. Wata rana ya sha ya yi tatil, ya zari makullin a-kori-kurar yayansa, ya tayar da ita da baya a ƙofar gida. 'Yar mai walda tana tsugune a bayan motar tana wasa da murafen kwalba. 'Yar Baba ake ce mata, ko makaranta ba ta shiga ba. Ba ta kai asibiti da rai ba.

Ranar da aka yanke hukunci mai walda ya shiga coci ba kowa, ya durƙusa tsakanin bencina. Bai iya doguwar addu'a ba, don haka ya faɗi abin da ke akwai. Ya ce, "Ya Yesu, ka ce a yafe. Zuciyata ta ƙi. Amma ga ƙafafuna, su za su je." Tun daga nan kusan bai sake wata addu'ar kirki ba, sai dai ƙafafun sun cika alkawari.

Ɗakin ziyara dogo ne, fentinsa ya ɓare, yana warin gumi da maganin wanke ƙasa. Raga ce ta raba shi biyu. Masu ziyara kan zauna a benci, wani gandiroba mai furfura da tumbi, wanda ake kira Kofur, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ji wa suka zo gani. Sai ya buɗe ƙofar ƙarfe ta ciki, ya tsaya a bakin filin fursunoni ya ƙwala kira. Waɗanda aka kira su fito, a manna yatsu a raga, a yi kuka, a yi faɗa, a yi dariya. Shi kuwa mai walda sai ya yi ta zama da ledarsa a cinya har Kofur ya dawo ya tsaya a kansa.

"Mai walda, ya ce ba zai fito ba."

"To. A ba shi wannan."

Shi ke nan ziyarar. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, amsar ba ta canza ko da kalma ɗaya ba. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romo. Mai walda dai ya ƙona itace ya gaji, ko ƙamshin romon bai ji ba.

Abin da ya fi ci masa rai ma mutanen coci ne. Sai ka ga dattijo ya riƙe masa hannu bayan sujada yana girgizawa, wai Allah ya ƙara mana irinka. Fasto har misali ya taɓa yi da shi a wa'azi, ranar mai walda ji ya yi kamar ƙasa ta tsage ya shige. Wa ya gaya musu ya yafe? Sau da yawa yana zaune a bencin nan, abin da yake so shi ne Auta ya fito ya tsaya a gabansa, ya ga idon wanda ya cuta. Amma ko wannan ɗin ma, yaron ya hana shi.

Matarsa ba ta taɓa cewa kada ya je ba. Ranar Asabar dai ba ta magana, sai kwanuka su yi ta ƙara a madafa fiye da kullum.

Wata Asabar aka wuni ana ruwa. Ya dawo jiƙe sharkaf, ya tarar ta janye kabad za ta share bayansa, ta tsinci takalmin roba ɗan ƙarami, ƙafa ɗaya, ya yi ƙura. Tana zaune a ƙasa da shi a hannu.

"Ya fito?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Bai fito ba."

"Baban yara, kai dai kana da wanda za ka je a ce maka ba zai fito ba. Ni ƙofar wa zan je in ƙwanƙwasa?"

Ya tsaya ruwa na ɗiga daga wandonsa. Maganar ta shige shi har ƙashi, don gaskiya ce.

Asabar ɗin da ta biyo ya sayi sabulu kamar kullum, ya ajiye a kan taga, sannan ya sa kayan aiki ya tafi rumfa ya kunna inji. Bakanike ya leƙo yana cewa yau wace rana, ya ga fuskarsa, ya mayar da kansa cikin mota. Kuma kada a yi ƙarya, mai walda ya ji sauƙi. Ba layi, ba laluben aljihu a ƙofa, ba zaman benci kamar wanda ya zo bara. Ya ce a ransa shi ya yi nasa, wanda ya ƙi a gan shi ai ya sallami mai zuwa. Makonni suka yi ta wucewa a haka.

Wata ranar Laraba yana sunkuye yana haɗa ƙyauren ƙarfe, wani mutum ya sauke karyayyar kujera a gabansa. Sai da ya ɗage gilashin fuska ya gane shi, don bai taɓa ganin Kofur babu kaki ba.

"Ofisa, kai ne a layinmu?"

"Ni ne. Kujerar nan ta gaji da tumbina. Na wuce masu walda da yawa kafin in same ka, kada ka ce ban kyauta ba."

Mai walda ya jawo kujerar yana duba ƙafarta. Kofur ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Lafiya muka daina ganinka?"

"Lafiya lau. Zuwan me zan yi? Mutum ya ce ba ya son ganina."

"Shi ya ce maka haka?"

"Kai kake faɗa mini duk mako."

"A'a. Ni ce maka nake ba zai fito ba." Kofur ya goge wuyansa da hankici. "Kai a benci kake zama, ba ka ganin abin da ke bayan ƙofa. Ɗan'uwanka tun Juma'a yake wanke rigarsa. Asabar da sassafe ya yi wanka, ya zo ya rakuɓe a jikin bango kusa da inda nake tsayawa. In na kira shi sai ya rufe ido, kamar wanda aka zuba wa ruwan sanyi. Sannan ya ce, Kofur, ka ce ba zan fito ba. Ya koma ya ci abinci. Ranar ce kaɗai nake ganin ya cinye kwanonsa."

Mai walda ya ajiye sandar walda a hankali.

"To me ya hana shi fitowa?"

"Da wane idon zai dube ka? Kunya ce, bawan Allah. Amma a gidan nan akwai waɗanda suka tsufa ba a taɓa kiransu ba, kamar an binne su da rai. Shi kiran nan yake ci ya rayu. Da ka daina zuwa ya ci gaba da wanke riga, yana tsayawa har in rufe ƙofa. Daga baya ya daina tsayawa. Yanzu yana ɗakin marasa lafiya, ya ƙi abinci, ya zama kamar sillen kara. Mai magani ya ce bai ga ciwo ba."

Bayan Kofur ya tafi da kujerarsa mai walda ya daɗe a zaune, injin na kuka shi kaɗai. Baƙin ciki ya danne shi, da tsoro. Ya ɗauka duk zaman nan nasa a banza yake tafiya, ashe da shi wani yake numfashi. Sai kuma wani tunani ya zo masa wanda bai gayyata ba. Shi ma ai tun rasuwar 'Yar Baba ake kiransa. Duk Lahadi yana sa wankakkiyar riga, ya rakuɓe a bencin baya, ya ji kiran Ubangiji sarai, ya ce ba zai fito ba. Kuma Mai kiran bai taɓa fashi ba.

Bai gaya wa matarsa komai ba sai daren Juma'a ya wuce. Da safe ya faɗa mata a tsaye, a gajarce. Ta ci gaba da wanke kofuna kamar ba ta ji ba. Yana ɗaura takalmi ta yi magana, bayanta a juye.

"Sabulun nan naka yana tare mini taga. Ka ɗauke shi. Amma kada ka ce na gaishe shi, ban gaishe shi ba."

"Ba zan ce ba."

Ɗakin ziyara yana nan yadda ya bar shi, da warinsa da bencinsa. Kofur ya gan shi, bai tambaye shi wa ya zo gani ba. Ya buɗe ƙofar ƙarfe, kuma yau bai tsaya a bakin fili ba, ya wuce can ciki wajen ɗakin marasa lafiya. Mai walda ya kasa kunne, bai ji komai ba sai hayaniyar masu ziyara.

Aka fito da na wasu, aka gaisa, aka mayar da su. Bencin ya fara raguwa. Kofur bai dawo ba. Mai walda ya ƙanƙame ledar har burodin ya lotse, ya ji bakinsa na motsi, ashe addu'a yake yi. "Ya Yesu, kada ka bari in makara. Ba na roƙon ya fito. Ya ji kawai."

Can ƙofar ta yi ƙara. Kofur ya taho shi kaɗai, a hankali, ya tsaya a kansa. Mai walda ya kasa ɗaga ido.

"Na kira shi a bakin gado. Da farko ko motsi bai yi ba, sai da na sake. Ya tambaya, da gaske yayana ne? Na ce da gaske." Kofur ya gyara murya. "Ya ce ba zai fito ba."

Mai walda ya rufe fuska da hannuwansa masu tabon wuta.

"Na gode wa Allah," ya ce. Ya miƙa ledar. "A ba shi wannan. Ka ce masa sai Asabar."