Majinyacin Gwaji

"Bakinka ya karkace, hannunka ya saki kofi," in ji Auta tana murmushi. "Haba Baba, yau ka kawo mai sauƙi. Shanyewar ɓarin jiki ce."

Baba Likita bai amsa ba. Yana zaune a kujerarsa ta baranda, shayi na bin ƙafar wandonsa, idonsa ƙur a kanta.

Tun da Auta ta gama karatun likitanci ta shiga shirin jarrabawar horon ƙwarewa, kullum da yamma sai ta tsallako gidan wannan maƙwabcin nasu, tsohon likita mai ritaya. Shi ya hana ta bin ƙawayenta zuwa fannin cututtukan fata. "Hannunki na ɗakin gaggawa ne, 'yata, kada ki yi asararsa." Bai yarda da haddar littafi ba, sai dai ya zama majinyaci da kansa, kuma tsohon ya iya kwaikwayo kamar me. Ranar da ya dafe ƙirji ya zame daga kujera, Auta ta kurma ihu ta ruga neman mota, ta dawo ta tarar da shi yana dariya har da hawaye.

"Kin faɗi warwas," ya ce. "Likitan da ya firgita ya zama majinyaci na biyu. Ki tsaya, ki duba, ki faɗi abin da kika gani."

Shi ya sa yau ta tsaya. Ta jawo kujera ta kama hannunsa na dama.

"Matse hannuna, Baba."

Bai matse ba. Ta gyaɗa kai, tana yaba gwanintarsa a ranta. Ta shiga jero masa matakai a tsanake kamar yadda ya koya mata: za ta tambayi lokacin da abin ya fara, ta auna jini da sukari, ta tura shi hoton ƙwaƙwalwa. Har dalilin kowane mataki sai da ta kawo. Sannan ta zauna jiran ya ce ta ci.

Matarsa ce ta fito da kwandon wanki. Kallo ɗaya ta yi masa kwandon ya suɓuce.

"Baban yara!"

"Gwaji muke yi, Mama."

"Wane irin gwaji? Ke, dubi idonsa!"

Auta ta duba. Yawu na zuba ta gefen bakinsa, hawaye na gangarowa, yana ta ƙoƙarin motsa harshe. Nan take ta ruga neman mota.

A asibiti likitan da ya karɓe su ya tambaya, "Yaushe abin ya fara?" Tambayar da ta gama jerowa ke nan a baranda, amma bakinta ya kasa buɗuwa. Da hoton ya fito, likitan ya ja ta gefe ya ce jinin da ya zuba a ƙwaƙwalwa yana da yawa, ko da sun zo da wuri da wuya a yi wani abu. Auta ta san irin wannan magana. Ita ma an koya mata yadda ake faɗa wa dangi, don haka ba ta san ko gaskiya ce ko lallashi ba. Wannan rashin sanin ya fi komai cin ranta.

Baba Likita bai sake magana ba har rai ya yi halinsa.

Auta ta rantse ba za ta je jarrabawar ba. Mama, matar marigayin, ita ta same ta har ɗaki, idanunta a kumbure.

"Tashi ki shirya. Ni ban ɗora miki laifi ba, shi ma da halinsa na wasa da abin da ba a wasa da shi. In kika zauna, wahalarsa ta tashi a banza."

A ɗakin jarrabawar an zaunar da wani dattijo da aka ɗauko don ya yi kwaikwayon ciwo. Ya karkatar da baki, ya saki hannu ɗaya a cinya. Masu jarrabawa suka ɗaga biro suna jira.

Auta ta durƙusa ta kama hannun.

"Matse hannuna, Baba."

An gaya wa dattijon kada ya motsa, bai kuwa motsa ba. Ta buɗe baki za ta jero matakan, murya ta ƙi fita, ta kuma kasa sakinsa. Dattijon ya saci kallon masu biro, ya dubi fuskarta. A hankali, ta inda ba mai gani, yatsunsa suka matse nata.